Rahoton Ɗorewa da Ƙirƙira a Kamfanonin Ƙasashe Masu Tasowa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin manajoji, akantoci, injiniyoyin masana'anta da masu matsakaitan kamfanoni, musamman ranar da banki ko mai sayen kaya daga waje ya turo musu doguwar takarda yana neman bayani kan muhalli da ma'aikata. An fara da na tushe kafin a shiga masu zurfi.

Mene ne rahoton ɗorewa, kuma me ya raba shi da rahoton kuɗi na shekara?

Rahoton kuɗi yana faɗin abin da ya shigo, abin da ya fita, bashi da riba. Shi kuwa rahoton ɗorewa yana faɗin abin da aka ci kafin a sami ribar: man da aka ƙona, wutar da aka sha, ruwan da aka ja da wanda aka zubar, hayaƙin da ya tashi, ma'aikata nawa suka ji rauni a bakin aiki, yadda ake biyansu, da yadda hukumar daraktoci ke sa ido kan cin hanci. Masu zuba jari suna taƙaita shi da haruffa uku, ESG, wato muhalli, jama'a da shugabancin kamfani.

Abin ba sabo ba ne. An kafa ƙungiyar GRI, mai tsara ma'aunin rahoton ɗorewa, a Boston a 1997, ta fitar da jagoranta na farko a 2000. Shekara da shekaru rahoton ɗan littafi ne mai hotuna da sashen hulɗa da jama'a ke haɗawa. Abin da ya sauya shi ne yanzu ana son ya fito tare da rahoton kuɗi, a kan kamfani ɗaya da shekara ɗaya, da alƙaluman da mai bincike zai iya bin sawunsu.

Ba shi ne ayyukan taimakon al'umma da muke yi ba?

A'a. Gina makaranta ko raba tallafi bayani ne kan yadda aka kashe riba, rahoton ɗorewa kuwa bayani ne kan yadda aka same ta. Indiya ta nuna bambancin a fili: dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaiciyar ribarsu a ayyukan al'umma, amma duk da haka hukumar SEBI mai kula da kasuwar hannun jari ta zo ta nemi rahoton ɗorewa daban. Kamfanin da ya gina wa gari asibiti yana kuma zuba ruwan guba a kogin garin, rahoton yana tambayarsa ne batun kogin.

Dole ne, ko ganin dama ne?

Ya danganta da ƙasa da girman kamfani, amma kusan ko'ina hanya ɗaya ake bi: a fara da shawara, a koma "ka yi ko ka faɗi dalili", sannan a wajabta wa manya, ƙanana su biyo baya. Afirka ta Kudu tana cikin waɗanda suka fara. Tun 2010 kasuwar hannun jari ta Johannesburg ta nemi kamfanonin da ke cikinta su haɗa bayanin kuɗi da na ɗorewa a rahoto ɗaya bisa ƙa'idar shugabancin kamfani ta King III. Indonesiya ta kafa tata dokar a 2017. A Indiya, kamfanoni 1,000 mafi girma a kasuwar hannun jari suna cike rahoton ɗorewa mai suna BRSR tun shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023.

Daga 2023 abin ya ƙara sauri. A watan Oktoba na shekarar hukumar CVM mai kula da kasuwar hannun jari ta Brazil ta karɓi ma'aunin ISSB, wato hukumar duniya mai tsara ma'aunin rahoton ɗorewa, ita ce ta farko a duniya. Turkiyya ta fara aiki da nata ma'aunin, wanda aka gina a kan na ISSB, daga Janairun 2024. A Afrilun 2024 kasuwannin hannun jari na Shanghai, Shenzhen da Beijing suka fitar da jagora ga manyan kamfanonin Sin. Najeriya ta tsara a fara da ganin dama, a wajabta wa manyan kamfanoni daga 2028. Ranakun nan suna motsi, don haka ku tabbatar da na ƙasarku daga hukumar da ke kula da ku. Kamfanin da doka ba ta kama shi ba sai ya duba amsar da ke kan waɗanda ba sa sayar da hannun jari.

GRI, ISSB, ESRS: wanne za mu bi?

Bambancinsu yana ga wanda aka yi rahoton dominsa. GRI yana kallon waje: me kamfani ke yi wa mutane da muhalli? ISSB, wadda aka sanar da kafa ta a taron yanayi na Glasgow a Nuwamban 2021, mai jari take dubawa: wane hatsari ko dama ce za ta taɓa kuɗin kamfani? Ta fitar da ma'auni biyu a Yunin 2023, S1 na gaba ɗaya da S2 na sauyin yanayi, a kan ginshiƙai huɗu da kwamitin TCFD na bayyana hatsarin yanayi ya shimfiɗa a 2017: shugabanci, dabara, kula da hatsari, sai ma'auni da buri. ESRS na Tarayyar Turai yana neman duka ɓangarorin biyu.

Ku fara da abin da hukumarku ta wajabta. Idan babu, ku dubi wanda ya fi matsa muku. Mai neman jari ko bashi ISSB ta fi masa amfani, wanda rigimarsa da maƙwabtan masana'anta ce ko ƙungiyar ma'aikata GRI ta fi dacewa da shi. Kada zaɓin ya cinye muku watanni, domin litar dizal lita ce a kowane ma'auni, kuma tattara alƙaluman shi ne babban aikin.

Ba ma sayar da hannun jari, kuma mu ƙanana ne. Me ya shafe mu?

Ta hanyoyi biyu abin ke iso ku. Ta farko mai sayen kaya. Babban kamfanin da aka tilasta wa bayyana hayaƙin dukkan waɗanda ke kawo masa kaya dole ya juyo ya tambaye ku, kamar yadda za a bayyana a amsa ta gaba kan rukunonin hayaƙi. Ga kuma dokokin kan iyaka. Tsarin CBAM na Tarayyar Turai, wanda ke ɗora kuɗi a kan hayaƙin kayan da ake shigar da su Turai, ya fara da matakin bayar da rahoto a 1 ga Oktoba 2023, matakin biya kuma daga 2026, a kan siminti, ƙarfe, alminiyam, takin zamani, wutar lantarki da haidurojin. Dokar Turai ta hana sare dazuzzuka, wadda aka ɗage ranar fara aiki da ita, tana neman shaidar cewa koko, kofi, manja, roba, waken suya, katako da shanu ba daga filin da aka sare bayan 31 ga Disamba 2020 suka fito ba, har da lambobin taswirar gonar.

Ta biyu banki. Hukumar IFC ta Bankin Duniya, mai ba kamfanoni bashi da jari, tana da sharuɗɗa takwas kan muhalli da jama'a, kuma bankunan cikin gida da ke karɓar kuɗinta suna miƙa sharuɗɗan ga wanda suka ba bashi. Ƙaramin kamfani ba ya bukatar littafi mai shafi ɗari. Shafi kaɗan masu alƙaluman gaskiya sun isa amsa yawancin abin da za a tambaye shi.

Me ake nufi da rukuni na 1, na 2 da na 3 na hayaƙi?

Rabon ya fito ne daga ma'aunin GHG Protocol na 2001. Rukuni na 1 hayaƙin da ya tashi daga abin da kuka mallaka: janareta, tukunyar tururi, motocin kamfani. Na 2 hayaƙin wutar da kuka saya. Na 3 duk sauran, daga kayan da aka kawo muku zuwa yadda mai saye ya yi amfani da abin da kuka ƙera, kuma an kasa shi gida 15.

Lissafin na 1 ba shi da wuya. Litar dizal ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, don haka wanda ya ƙona lita 100,000 a shekara ya fitar da kusan tan 270. A ƙasashen da wutar gwamnati ba ta tsayawa akwai wani abin lura: hayaƙin da a wata ƙasa zai faɗa rukuni na 2, a nan rukuni na 1 yake shiga saboda janareta. Ku rubuta wannan a rahoton, don kada mai karatu daga waje ya kwatanta ku da wanda bai taɓa ganin an ɗauke wuta ba. Na 3 shi ne mai wahala, kuma sau da yawa shi ne mafi girma. ISSB ta yarda a bar shi a shekarar farko.

Ta yaya za mu san abin da ya cancanci shiga rahoto?

Ku zauna da ma'aikata, maƙwabta, banki da manyan masu saye, ku fitar da batutuwa biyar ko shida da idan suka lalace kamfani ko mutane za su ji a jika. Ga mai rini ruwa ne, ga mai haƙar ma'adinai madatsar laka da filin jama'a, ga mai ɗinka tufafi lafiyar gini da awannin aiki. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangaladesh ranar 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutum fiye da 1,100, kuma ba hayaƙi ne ya kashe su ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafo jerin batutuwan wani kamfanin Turai. Sai ka ga an cika shafuka da batun rage takarda a ofis, an yi shiru kan 'yan kwangilar da ke aiki ba hular kwano.

Da gaske rubuta rahoto yana kawo ƙirƙira?

Rubutun ba ya kawo komai. Awon da ake yi kafin rubutun shi ne ke kawowa, shi ma sai in alƙaluman sun isa hannun wanda ke tsaye a kan inji da wanda ke sa hannu a kan kuɗi. Ku ɗauki masana'antar da a da takardar wuta ɗaya take gani a wata. Rahoto ya tilasta mata sanin wutar da kowane tan na kaya ya ci, sai aka sa mita a kowane layi. Ranar hutu injiniya ya zo ya karanta, ya tarar mita tana gudu alhali ba a aiki. Ya bi bututun iska yana kasa kunne, ya ji yoyo a mahaɗai, kwamfireso yana ta tashi yana cike gurbin iskar da ke zurarewa. Gyaran ba shi da tsada. Daga nan ake fara tambayar me ya sa layi na biyu ya fi na ɗaya cin wuta, me ya sa ake zubar da ruwan zafi alhali ana ƙona mai don dafa wani. Yawancin ƙirƙirar da ke biyan kanta daga irin waɗannan tambayoyi take fitowa.

Michael Porter da Claas van der Linde sun kawo wannan hujja a 1995, cewa gurɓatawa alama ce ta asarar kaya, kuma doka mai kyau tana iya tura kamfani ga sabuwar dabara. A shekarar ce Indonesiya ta fara shirin PROPER, inda ake ba masana'antu launi gwargwadon halinsu: zinariya, kore, shuɗi, ja ko baƙi. An fara sanar da masu ja da baƙi a asirce, aka ba su watanni su gyara kafin a faɗa wa duniya, kuma da yawa suka gyara. Binciken da aka yi kan shirin ya nuna ba kunya kaɗai ta yi aiki ba, manajoji da dama a lokacin ne suka fara sanin abin da masana'antarsu ke zubarwa.

Sai dai a yi hattara da masu cewa duk kamfanin da ke rahoto ya fi ƙirƙira. Manyan kamfanoni masu kuɗi su ne ke iya yin duka biyun, don haka ganinsu tare ba ya nuna wannan ne ya haifi wancan. Wani lokacin ma sai da sanda. A Tiruppur ta Indiya sai da Babbar Kotun Madras ta rufe masana'antun rini kusan 700 a 2011 saboda gurɓata kogin Noyyal, kafin tsarin tace ruwa a sake amfani da shi da gishirin cikinsa ya kankama. Mutane da yawa sun rasa aiki a tsakani. Da an auna an gyara tun da wuri, da wahalar ba ta kai haka ba.

Wace irin ƙirƙira ake gani a zahiri?

Mafi yawanta gyaran hanyar aiki ce, ba ƙera abin da ba a taɓa gani ba. Siminti misali ne mai kyau, domin yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, kuma fiye da rabin wannan daga dutsen farar ƙasa yake fita idan an gasa shi, ba daga mai ba. Masana'antu da yawa a Sin da Indiya suna kama zafin da ke fita daga murhu su mai da shi wuta. Masu bincike daga Suwizalan, Kuba da Indiya sun haɗa simintin LC3, wanda ake maye kusan rabin kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, da gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa. Ana gasa yumɓun a zafin kusan digiri 800 maimakon 1,450, hayaƙin kuma yana iya raguwa da kashi 40 cikin 100. Kamfanin Argos na Kolombiya ya fara sarrafa gasasshen yumɓu a masana'antarsa a 2020.

Akwai kuma ƙirƙirar hanyar ciniki. M-KOPA a Kenya ya haɗa na'urar sola da biya kaɗan-kaɗan ta M-Pesa, ya kai wuta gidajen da ba za su iya biya a dunƙule ba. Wannan bukatar kasuwa ce ta haife shi, ba rahoto ba. Amma lokacin neman jari don faɗaɗawa, iya nuna gidaje nawa aka kai wa wuta shi ne abin da masu kuɗin ke son gani.

Rahoton zai sa mu sami bashi mai sauƙi?

Yana iya sa a saurare ku, amma kada ku gina lissafinku a kan ragin ruwa, domin ragin yawanci kaɗan ne. Ribar ta fi fitowa ta samun shiga wurin masu kuɗin da a da ba za su dube ku ba, da samun wa'adi mai tsawo. Iri biyu aka fi sani. Akwai takardar bashi ta ayyukan muhalli, wadda kuɗinta ke tafiya ga aikin da aka ambata kawai, irin wadda gwamnatin Najeriya ta fitar a Disamban 2017, ta farko daga wata gwamnatin Afirka. Akwai kuma wadda aka ɗaure da buri, irin ta kamfanin takarda na Suzano a Brazil a 2020, inda ruwan bashi ke ƙaruwa idan ba a cika alƙawarin rage hayaƙi ba. Duka biyun suna bukatar alƙaluman da wani na waje ya tantance.

Ba mu da alƙaluma ko kaɗan. Daga ina za mu fara?

Kuna da su, a warwatse suke. Rasitan dizal suna wurin akanta, takardun wuta da ruwa suna fayil, littafin haɗari yana wurin mai kula da lafiyar ma'aikata, albashi yana kwamfuta. Ku tattara na watanni 12, ku raba kowanne da yawan kayan da aka sarrafa, ku rubuta inda kowace lamba ta fito da sunan muƙamin da ke da alhakinta. Inda kuka yi ƙiyasi ku ce ƙiyasi ne, ku faɗi yadda kuka yi shi. ISSB da kanta ta yarda a wasu wurare a yi amfani da bayanin da ake iya samu ba tare da wahala ko kashe kuɗin da ya wuce kima ba.

Mu ɗauko ƙwararre daga waje ya rubuta mana?

Ya koya muku, ya duba lissafinku, amma kada ya tafi da ilimin a jakarsa. Idan shi ya tattara, shi ya rubuta, za ku sami littafi ku rasa abin da aka bayyana a amsar ƙirƙira. Alƙaluman su zauna a sashen kuɗi da na sarrafa kaya, daraktoci kuma su riƙa ganinsu duk wata uku, ba sau ɗaya a shekara ba.

Ta yaya ake gane rahoton ganin ido?

Alamominsa sanannu ne: alƙawarin 2050 ba tare da na shekara biyar masu zuwa ba, kaso cikin ɗari ba tare da ainihin adadi ba, sauya shekarar da ake kwatantawa da ita, cire reshen da ya fi ƙazanta daga lissafi, da rashin labari mara daɗi ko ɗaya. Masana'antar da ta ce shekara ta wuce ba wanda ya ko ƙuje, mai yiwuwa ma'aikatanta tsoron faɗa suke.

Tantancewar mai bincike na waje mataki biyu ce. Ta taƙaice tana cewa ne kawai ba a ga abin da ya saɓa ba, mai zurfi kuwa ta yi kusa da binciken kuɗi. Ku karanta ku ga wacce aka yi, kuma a kan waɗanne lambobi. Ko hatimi ma ba ya maye gurbin gaskiya. Madatsar laka ta kamfanin Vale a Brumadinho ta Brazil ta fashe ranar 25 ga Janairu 2019 ta kashe mutum 270, watanni kaɗan bayan an ba da takardar shaidar cewa tana da ƙarfi. Bayan haka ne aka fitar da ma'aunin duniya na kula da irin waɗannan madatsu a 2020.

Adalci ne ƙasashen da suka fi gurɓata duniya su ɗora mana wannan nauyi?

Ƙorafin yana da tushe. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa a duniya ba, kuma tun taron Rio na 1992 aka amince cewa alhakin na kowa ne amma ba daidai yake ba. Indiya, Sin, Brazil da Afirka ta Kudu sun soki CBAM a fili. Kuɗin tantancewa da na taswirar gona sun fi yi wa ƙaramin manomi da ƙaramin kamfani nauyi, kuma a ganina bai kamata babban mai saye ya turo tambayoyi ya naɗe hannu ba tare da ya ɗauki wani ɓangare na kuɗin ba.

Amma wannan faɗa na gwamnatoci ne a teburin ciniki, kuma ya kamata su yi shi da ƙarfi. Kamfanin da ya ƙi aunawa don fushi kansa yake cuta, domin a tsarin CBAM wanda bai kawo nasa alƙaluman ba ana ɗora masa na ƙiyasi, waɗanda aka tsara da tsauri. Ruwan da ake gurɓatawa da ma'aikacin da ke rasa yatsa kuma ba a Turai suke ba.

Tunda Turai da Amurka suna sassautawa, ba gara mu jira ba?

Gaskiya ne a Fabrairun 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shirin rage yawan kamfanonin da dokar rahoton ɗorewa ta CSRD ta kama, aka kuma ɗage wa wasu lokaci. A Maris na shekarar hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta daina kare dokarta ta bayyana hatsarin yanayi a kotu. Wannan zai iya rage tsawon takardun da ake turo wa ƙananan masu kawo kaya. Amma bai soke CBAM ba, bai taɓa sharuɗɗan IFC ba, kuma dokokin da aka ambata a amsar "dole ne ko ganin dama" na ƙasashe masu tasowa ne da kansu.

Akwai kuma batun lokaci. Ana bukatar cikakkiyar shekara ɗaya kafin a sami lambar farawa, da ta biyu kafin a iya nuna an ragu ko an ƙaru. Abin da za a iya jinkirtawa shi ne buga littafi da biyan mai tantancewa. Sa mita, tattara rasitai da buɗe littafin haɗari kuwa a fara su daga watan farko na shekarar kuɗi mai zuwa, don lambobin su dace da na rahoton kuɗi.